Kwana a tanti a bakin teku: tantin da ya yi aiki a kan tudu zai yi a can?

Dan_Tudun_Jukun:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Mu shida ne daga Zariya, muna shirin kwana uku a bakin teku, a irin wuraren shaƙatawan nan da ake biya a kafa tanti a ciki. Legas muka fi karkata, amma ba mu yanke ba tukuna. Muna da tanti biyu masu cin mutum huɗu-huɗu, irin waɗanda ake hawa Dutsen Kufena da su. Wani ya ce mana babu bambanci tsakanin kwanan tudu da kwanan bakin teku illa yashi. Haka ne? In ba haka ba ne, me za mu ƙara a kaya, me kuma ya fi lalata wa mutane tafiya?

MalamSamaru:
Wa alaikumus salam. Tantin zai yi, turakansa ne ba za su yi ba. Siraran ƙarfunan nan da ke zuwa cikin jakar tanti don ƙasa mai tauri aka yi su. A busasshen yashi yaro ma zai zare su da yatsa biyu, iskar teku kuwa ba ta hutawa daga hantsi har bayan magariba.

Abin da ake yi shi ne binne turke a kwance. A samo itace mai kauri kamar damtsen yaro, tsawonsa kamu ɗaya. A ɗaure igiyar tantin a tsakiyarsa. A haƙa rami mai zurfin santimita 40, a kwantar da itacen a gicciye, wato ya gitta hanyar da igiyar za ta ja. Sai a tsaga 'yar siririyar hanya daga ramin zuwa wajen tanti don igiyar ta fito a karkace. In ta fito a miƙe sama, ita da kanta za ta tono itacen. A mayar da yashi, a zuba masa bokitin ruwan teku, a tattake da ƙafa sosai. Jiƙaƙƙen yashi ya fi riƙo nesa ba kusa ba.

Kowane tanti a lissafa masa irin wannan guda takwas: huɗu na kusurwa, huɗu na igiyoyin gefe. Tanti biyu, goma sha shida ke nan. Ku zo da ƙaramin shebur, da hannu ba za a gama ba kafin duhu.

Injiniya_Kwangila:
In babu itace a wurin, tsohon buhun shinkafa ko na taki ya wadatar. A cika shi rabi da yashi, a ɗaure bakinsa da igiyar tantin, a binne. Buhu goma sha shida a naɗe ba su da wani nauyi, don haka daga gida za ku taho da su. Igiya kuma ku sayi ƙari a kasuwar Sabon Gari, mita 40 aƙalla, domin wadda ke jikin tanti gajera ce, ba za ta kai ƙasan rami ba.

Hajiya_Gyallesu:
Duk wannan daidai ne, amma kun tsallake abin da ya fi turke muhimmanci. A ina za a kafa tantin?

Mutumin Zariya ya san Galma da Kubanni: ruwa yana cika da damina, ya ja da rani. Teku kuwa a kowace rana yake cika sau biyu, ya ja baya sau biyu. Tsakanin cika da ja kimanin awa shida da 'yan mintoci ne, kuma kullum lokacin yana jinkiri da kusan minti 50. Ma'ana, wanda ya iso da la'asar ya tarar da fili shimfiɗe mai laushi, wataƙila ruwa ne ya ja, kuma kafin tsakar dare zai dawo wurinsa. Nan ne ake yin asara: waya, katifa, abinci, duk su jiƙe da ruwan gishiri cikin duhu.

Yadda ake ganewa: ku bi gaɓar da ido, za ku ga layin tarkace, ciyawar ruwa da robobi da ɓawon kwakwa, ya miƙe tsawon bakin tekun. Nan ruwa ya tsaya a cikarsa ta ƙarshe. Sau da yawa akwai layi na biyu a samansa, wanda ya bushe ya tsufa. Shi ne iyakar babbar cika. Tanti a bayan wannan na biyun ake kafa shi, a ƙara taku ashirin ko talatin, a inda ƙasa ta ɗan tashi kuma ciyawa ta fara fitowa.

Dan_Tudun_Jukun:
Hajiya, ita babbar cikar yaushe take zuwa? Ko babu lokaci?

Hajiya_Gyallesu:
Akwai, ƙanena, kuma ku da kuke lissafin watan Musulunci kun fi kowa sauƙin riƙe shi. Ruwa ya fi hawa a kwanakin tsayuwar wata da kuma kwanakin cikarsa, wajen 14 da 15, har da kwana ɗaya ko biyu bayansu, saboda a lokacin jan wata da jan rana sun haɗu a layi ɗaya. Wajen 7 da 22 ga wata kuwa cikar ta fi rauni. Mutane suna son farin wata don kwanan waje, to su sani daren nan ne ruwa ke kaiwa can sama.

Abu_Hanwa:
A gabar Legas ai bambancin cika da ja bai wuce wajen mita ɗaya ba. Ba kamar wasu ƙasashe ba ne da ruwa ke hawa mita da yawa. Kada a tsorata su.

Injiniya_Kwangila:
Mita ɗayan nan a tsaye ake auna ta, Malam Abu. A gaɓar da ke kwance, hawan mita ɗaya zai iya cin fili mai faɗin gaske. Sannan a ɗora igiyar ruwa a kai, ita ce ke watso ruwa gaba da inda cikar ta tsaya. Tekun Atlantika a wannan yanki igiyarsa na da ƙarfi, musamman daga Yuni zuwa Satumba. Maganar Hajiya tana nan daram.

Bintu_Kongo:
Ku sauke jadawalin cika da jan ruwa na Legas a waya tun kuna gida, akwai shi kyauta a intanet. Ku ɗauki hotonsa, don ba ko'ina sabis ke kamawa ba.

Baban_Wusasa:
Ni wurin zan yi magana a kai, tunda ya ce ba su yanke ba.

Tarkwa Bay shi mutane suka fi sani wajen kwanan tanti a Legas. Ba a zuwa da mota, sai jirgin ruwa daga wajen CMS ko Falomo. Amfaninsa shi ne yana cikin lungu a bakin mashigar tashar jiragen ruwa, ganuwar duwatsun da aka gina don kare mashigar tana rage masa ƙarfin igiya. Amma da an zaga bayansa zuwa gaɓar da ake kira Lighthouse, buɗaɗɗen teku ne, ba wurin wasa ba. A sani kuma cewa a watan Janairun 2020 sojojin ruwa sun tashi mazauna wurin, don haka a kira masu kula da wurin a ji halin da ake ciki kafin a ɗauko kaya.

Akwai wuraren shaƙatawa masu katanga da masu gadi a ɓangaren Ibeju-Lekki, ana zuwa da mota. Akwai Badagry ta yamma. Wanda ke son nisa kuma akwai Ibeno a Akwa Ibom.

Abu ɗaya da za a gane: tsofaffin gandayen dajin tarayya guda bakwai, irin su Kamuku da ke nan jiharmu, da Kainji da Gashaka-Gumti da Okomu, babu wanda ke kan buɗaɗɗiyar gaɓar teku. Saboda haka abin da za ku samu galibi wurin 'yan kasuwa ne ko na al'ummar gari, kowanne da dokarsa.

Abu_Hanwa:
In da fasfo da katin rigakafin shawara, Grand-Popo a Jamhuriyar Benin ya fi natsuwa. Ta Seme ake shiga, a wuce Kwatano da Ouidah, kusa da iyakar Togo. Haka Ada Foah a Ghana, inda kogin Volta ke faɗawa teku. Ɗan ƙasar ECOWAS ba ya buƙatar biza. Sai dai kuɗin sefa da na sidi, a lissafa da kyau.

Baban_Wusasa:
Ga masu fitar farko, ni ban ba da shawarar tsallaka iyaka ba. Wahalar hanya ta ishe su. Zariya zuwa Legas ya haura kilomita 800, yini guda ne cur a mota. Su kwana a gari, washegari da safe su ƙarasa bakin ruwa, su kafa tanti da rana tsaka ido na ganin ido.

UmmuKhalil_PZ:
Kafin ku biya ko sisi ku tambayi waɗannan a waya, kuma a rubuto muku amsa: kuɗin shiga na kowane kai ne ko na kowane tanti? An yarda a shigo da abinci da tukunyar gas, ko sai an biya wani abu a kai? Akwai ruwan daɗi na wanka, na famfo ne ko saye ake yi? Banɗaki a buɗe yake da dare? Masu gadi kwana suke yi ko tashi suke da magariba? Sannan, ana kiɗa da dare? Wannan ta ƙarshen kada ku raina ta. Wasu wuraren daren Juma'a da na Asabar lasifika har asuba, ga shaye-shaye. Mai son natsuwa, musamman in da iyali, ya zaɓi Litinin zuwa Alhamis, ya kuma nemi a ba shi gefe mai nisa da rumfar masu kiɗa.

Dan_Tudun_Jukun:
Allah ya saka da alheri. Batun ruwan sha fa? Nawa za mu tanada?

Likita_Shika:
Lita biyar ga kowane mutum a rana, sha da girki. Ku shida, kwana uku, lita 90 ke nan. Jakar fiya wata ɗaya leda 20 ce, kowace rabin lita, wato lita 10. Jaka tara, ku cika ta goma. A Legas za ku saya, kusa da inda za ku hau jirgi ko ku sauka daga mota. Ban da wannan ku riƙe jarka biyu masu lita 25 don ɗauraye jiki da kwanuka.

Dalilin yawan shi ne zafin can ba irin namu ba ne. A Zariya gumi na fita ya bushe, jiki ya yi sanyi. A bakin teku iska cike take da laima, gumi ba ya bushewa, mutum ya yi ta zubar da ruwa bai ankara ba. Alamar farko ciwon kai da fitsari mai duhu. Ku riƙe ruwan gishiri da sukari na kemis, ko ku haɗa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ruwan teku ba a sha ko kaɗan, ƙishirwa yake ƙarawa.

Rijiyoyin da ke kusa da gaɓa da yawansu ruwansu da ɗan gishiri-gishiri, kuma ba su da zurfi, ƙazanta na saurin shiga. A yi wanka da su, kada a sha.

Almajirin_Kofar_Doka:
Ga alwala da wankan tsarki kuwa ruwan teku ya halatta, babu saɓani a wurinmu. Hadisin sananne ne, yana cikin Muwaɗɗa: ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Wannan zai rage muku kashe ruwan daɗi. A ɗebo a bokiti a bar shi ya kwanta yashi ya sauka, sannan a zuba a buta.

Alƙibla kuma: gaɓar Legas kudu take kallo. In ka fuskanci teku, gabas tana hagunka. Ka juya hagu, ka ƙara karkata kaɗan zuwa arewa. A ma'auni kusan digiri 63 ne daga arewa, a nan Zariya kuma wajen 67. Tunda kwana uku za ku yi, ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu ba, kuna da ƙasaru.

Bintu_Kongo:
Malam, in aka haɗa da kwanan da za su yi a cikin gari kafin su ƙarasa fa?

Almajirin_Kofar_Doka:
Wannan sai su zauna da malaminsu da ainihin jadawalin tafiyar, domin ya danganta da ko wurin biyu gari ɗaya ake ɗaukarsu, da kuma ranar shiga da ta fita. Kada a yanke a nan.

MalamSamaru:
Bari in dawo kan tanti, don akwai saura.

Iskar da ta fi yawa daga kudu maso yamma take zuwa, wato daga teku. A ba ta bayan tantin, ɓangaren da ya fi ƙasa kuma ya fi siranta, ƙofa ta kalli tudu. In ƙofa ta kalli iska, tantin zai cika ya kumbura, sandunan su lanƙwashe, kuma sandunan roban nan a mahaɗarsu suke tsagewa. A kafa kusurwoyin da ke wajen iska tukuna kafin a ɗaga sanduna, in ba haka ba a bi tanti da gudu.

Tamfol ɗin da za a shimfiɗa a ƙasa kada ya leƙo waje. A naɗe gefensa ya shige ƙarƙashin tanti, domin in ya leƙo, raɓa da ruwan sama a kansa za su taru su gangara ƙarƙashin masu barci. Igiyar nailan kuma tana saki in ta sha laima, saboda haka bayan isha'i a zaga a ƙara ɗaure ta.

Injiniya_Kwangila:
A nan na saɓa da Malam. In ƙofa ta juya wa teku baya gaba ɗaya, mutum uku a tanti ɗaya ba za su runtsa ba saboda zafi. A karkata shi, iska ta riƙa shiga ta tagar gefe mai raga. Sannan da dare iskar tekun kan faɗi, wani lokaci ma ta juyo daga tudu. Wanda ya binne turakansa da kyau ba ya tsoron ɗan karkacen nan.

MalamSamaru:
In tantin mai rufi biyu ne, raga a ciki, mayafi a sama, na yarda. In mai rufi ɗaya ne mai ƙofa ɗaya, ina nan kan bakata.

Dan_Tudun_Jukun:
Ɗaya mai rufi biyu ne, ɗayan mai rufi ɗaya.

Hajiya_Gyallesu:
To mai rufi ɗayan zai yi gumi daga ciki. Numfashin mutane da laimar teku za su taru a jikin rufin, da asuba su riƙa ɗiga. Ku bar tagoginsa a buɗe duk dare, kada jaka ko katifa ta taɓa bangonsa. In da hali ku ɗaura tamfol a samansa da tazarar kamu ɗaya, zai tare raɓa da dare, ya tare rana da hantsi.

Kuma kada inuwa ta ruɗe ku ku kafa a ƙarƙashin bishiyar kwakwa. Ƙwallo ɗaya ya haura kilo, daga can sama yake faɗowa, ga busassun rassanta masu nauyi. Ku ɗaga kai ku duba kafin ku sauke kaya.

UmmuKhalil_PZ:
Abinci. Kilishi yana da kyau, amma laima na sa shi ya yi laushi ya fara fumfuna, don haka a raba shi ƙulli-ƙulli a leda mai zif, a buɗe na ci ɗaya kawai. Haka dambun nama da ƙuli-ƙuli da garin kwaki. Fura da nono a bar su a gida. Shinkafa, taliya, manja ko man gyaɗa, yaji, albasa, tumatirin gwangwani, shayi da madarar gari, dabino, sun isa.

Kula biyu ta fi ɗaya. Guda ta abin sha da ake buɗewa kowane lokaci, guda ta nama ko kifi da ba a buɗewa sai za a yi girki. Ƙanƙarar dunƙule ta fi 'yan ƙanana daɗewa, kuma in aka daskarar da fiya wata, in ya narke ruwan sha ne. A haƙa rami a inuwa a nutsa kular rabi, a rufa mata jiƙaƙƙen buhu. Duk da haka ɗanyen nama a cinye shi ranar farko.

Kifi kuwa a wajen masunta da safe, lokacin da suke jawo koma. A duba idon ya zama garau, a ɗaga murfin gefen kansa a ga cikin ja ne, a danna jikinsa ya dawo.

Injiniya_Kwangila:
Tukunyar gas mai kilo 3 za ta iya kai ku in akwai abin tare iska, mai kilo 6 ta fi kwanciyar hankali. Ku tafi da ita babu gas, ku cika a can, don direbobi da yawa ba sa ɗaukar cikakkiya, kuma suna da gaskiya. A ɗora ta a kan katako, ba a kan yashi ba, don tana nutsewa ta gefe ɗaya ta kifar da tukunya. A kewaye ta da kwali ko a haƙa mata ɗan gurbi, amma kada a rufe jikin tukunyar gas ɗin har ta yi zafi.

Likita_Shika:
Kada a kunna gawayi ko risho ko gas a cikin tanti, ko da ruwan sama ake. Iskar da ke fita daga gawayi ba ta da wari, mutum barci zai ji yana ɗaukarsa, shi ke nan. In kuma an hura wuta a waje, da ruwa ake kashe ta. Wanda ya binne garwashi da yashi ya bar tarko ne, zafin yana nan har washegari, yaro ya taka ba takalmi.

Abu_Hanwa:
Babu wanda ya yi maganar iyo, kuma shi ke kashe mutane, ba tanti ba.

Wanda ya iya iyo a dam ɗin Shika ko a Galma kada ya ɗauka ya iya teku. Akwai wata hanyar ruwa da ke komawa ciki da ƙarfi bayan igiya ta watso ruwa gaɓa. Siririya ce, amma gudunta kan fi na gwanin iyo. Abin da ke yaudarar baƙo shi ne wurin ya fi ko'ina alamar kwanciya: igiya na fashewa dama da hagu, tsakiya shiru, ruwan ya fi duhu, kumfa da tarkace suna tafiya ciki maimakon su zo gaɓa. Nan ne mutum zai ce bari in shiga.

In ta ɗauke ka, kada ka yi kokawa da ita kana neman gaɓa kai tsaye, gajiya ce ke nutsar da mutum. Ka kwanta a bayanka, ka ɗaga hannu ɗaya, in da ƙarfi ka yi iyo a gicciye, wato ka bi tsawon gaɓar, har ka fita daga cikinta, sannan igiya ta taimaka maka ka dawo. Na kan tudu kuma kada su faɗa. A jefa masa jarkar da babu komai a ciki, murfinta a rufe, an ɗaura mata igiya. Wannan jarkar a ajiye ta a bakin ruwa tun ranar farko. Lambar gaggawa a Legas 112 ko 767.

Wanda bai iya ba, ruwa kada ya wuce gwiwarsa, kada kuma ya ba teku baya. Da doguwar riga ko zani ba a shiga, suna shan ruwa su naɗe ƙafa.

Baban_Wusasa:
A jirgin ruwa kuma kowa ya sa rigar kariya ya ɗaure ta, ba a rataya a wuya ba. Jirgin da ba shi da ita, ko ya yi lodi fiye da kima, a bar shi ya tafi. A tsallaka da rana, a kuma tambayi lokacin jirgin ƙarshe na dawowa. Waya da kuɗi da katin shaida a leda biyu.

Likita_Shika:
Cizo. Sauro yana nan, musamman inda akwai tafki ko fadama a bayan gaɓa, don haka zif a rufe tun kafin magariba. Amma akwai wasu ƙananan ƙwari na cikin yashi da suka fi sauro ƙanƙanta, suna ratsa gidan sauro na gida, sun fi cizo da asuba da yamma in iska ta faɗi, ƙaiƙayinsu ya kwana biyu. Man shafawa mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, da dogon wando da safa, su ne maganinsu.

In an ga wani abu kamar leda mai shuɗi ko fari a kan yashi, da zare-zare a jikinsa, kada a taɓa ko ya mutu, yana harbi. Wanda ya harba a wanke wurin da ruwan teku, ba ruwan daɗi ba, kada a murza, a cire zaren da gefen kati, sannan a tsoma cikin ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa na minti 20. In numfashi ya fara wuya, asibiti nan take. Duk wanda ya yi zazzaɓi bayan an dawo gida ya je a gwada jininsa.

Bintu_Kongo:
Kunkurun teku na fitowa da dare su yi ƙwai a wasu gaɓoɓin Afirka ta Yamma, galibi a watannin rani. Haske na ruɗa su, musamman 'ya'yan in sun ƙyanƙyashe, sai su nufi fitila maimakon ruwa. In masu wurin sun ce lokacinsu ne, a kashe manyan fitilu, a rufe tocila da jan ƙyalle, kada a haƙa ramin turke inda aka yi alama. Shara kuma a kwashe ta a buhu a fita da ita, ledar fiya wata ɗari biyu ba ƙaramin abu ba ne.

Sarkin_Zangon_Shanu:
Ni fa ban ga dalilin wannan wahala ba. A kama ɗaki kusa da teku, a je da safe a dawo da yamma. Kuɗin igiya da tamfol da kula da gas ya kusa kuɗin ɗakin.

UmmuKhalil_PZ:
Ranka ya daɗe, ga mai ƙananan yara ko tsoho maganarka ce daidai. Amma su matasa shida ne, tanti kuma suna da shi. Kayan da za su saya ba na tafiya ɗaya ba ne.

Hajiya_Gyallesu:
Ana iya raba ta ma: dare biyu a tanti, na ƙarshe a ɗaki, a yi wanka da ruwan daɗi a huta kafin doguwar hanya. Lokaci kuma, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, ruwan sama ya ɗauke, teku ya ɗan lafa. Makonnin Kirsimeti da sabuwar shekara cunkoso da tsada. Daga Maris hadari kan taso da iska da tsawa, kuma fili buɗaɗɗe irin bakin teku ba wurin zama ba ne in ana walƙiya, a bar tanti a shiga gini.

MalamSamaru:
In kun dawo, kada tantin ya koma jaka haka nan. A kafa shi a tsakar gida, a wanke da ruwan daɗi ba omo, a bi haƙoran zif da tsohon buroshi, a goga musu kyandir. Sanduna a zare su gaɓa-gaɓa a ɗauraye, domin gishiri na cin mahaɗar ƙarfen ya kuma cinye robar da ke ciki. Sai ya bushe ƙayau a naɗe. Iskar hunturun Zariya za ta gama wannan cikin awa biyu.

Dan_Tudun_Jukun:
Na rubuta duka, Allah ya ƙara ilimi. Saura abu ɗaya: ranakun da muka samu hutu sun faɗo daidai 13 zuwa 16 ga watan Musulunci. Mu ɗaga, ko mu je mu matsa sama kawai?

Abu_Hanwa:
Ku je. Ku kafa bayan tsohon layin tarkacen, ku tambayi masunta inda ruwa ya kai a cikar watan da ya wuce.

Hajiya_Gyallesu:
Ya danganta da faɗin wurin. In akwai katanga ko tafki a baya, babu inda za a matsa, ni sai in ce a ɗaga da mako guda. Ka sa su turo maka hoton filin a lokacin cikar ruwa, ba lokacin da ya ja ba, ka ɗora a nan mu gani.